Zirga-zirga a Lamu, tsibirin da ba a hawa mota: tambayoyi da amsoshi domin baƙo

Lamu tsibiri ne a Tekun Indiya, a arewacin gaɓar ƙasar Kenya, ba nisa sosai da iyakar Somaliya. Tsohon garin da ke kansa, wanda shi ma Lamu ake kiransa, yana cikin garuruwan Sawahili mafi daɗewa da har yanzu mutane ke zaune a cikinsu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2001. Kimanin kilomita 3 kudu da shi akwai ƙauyen Shela, inda mafi yawan masaukan masu zuwa hutu suke. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi damun wanda zai je karo na farko.

Ta yaya ake isa tsibirin tun da farko?

Ko ta sama mutum ya zo ko ta ƙasa, ƙarshen tafiyarsa a kan ruwa ne, domin babu gada tsakanin Lamu da babban yankin ƙasa. Filin jirgin saman ma ba a tsibirin Lamu yake ba, yana tsibirin Manda da ke fuskantarsa. Jirage na tashi zuwa can daga Nairobi, wasu daga babban filin Jomo Kenyatta, wasu kuma daga ƙaramin filin Wilson, sannan akwai masu zuwa daga Mombasa da Malindi. Wannan bambanci na filaye biyu a Nairobi yana da muhimmanci ga wanda ya taso daga Legas ko wani birni na Afirka ta Yamma, domin zai sauka ne a Jomo Kenyatta, kuma idan tikitinsa na gaba daga Wilson ne, sai ya ratsa cunkoson birnin kafin ya kai, saboda haka kada ya matse tazarar da ke tsakanin jiragen biyu. Idan an sauka a Manda, 'yar tafiya ce kaɗan da ƙafa zuwa bakin ruwa, daga nan jirgin fito zai ƙetara da mutum garin Lamu cikin kusan minti 10, zuwa Shela kuwa kamar minti 20.

Ta ƙasa kuma, motocin safa na tashi daga Mombasa su bi ta Malindi da Garsen da Witu har zuwa Mokowe, nisan kusan kilomita 340, inda titi ya ƙare, sai a shiga jirgin ruwa. Hanyar ta fi araha nesa ba kusa ba, amma ta bi kusa da dajin Boni, inda mayaƙan al-Shabaab suka sha kai hare-hare, ciki har da na garin Mpeketoni a watan Yunin 2014. Shi ya sa akwai shingayen jami'an tsaro da yawa a kanta, kuma ba a bin ta da dare. Wanda ke da hali, musamman mai tafiya da iyali, jirgin sama ya fi masa.

Da gaske ne babu mota a garin?

Gaskiya ne, in ban da 'yan tsiraru na hukuma, irin su motar ɗaukar marasa lafiya da tarakta mai kwasar shara. Babu tasi, babu bas, babu motar haya da baƙo zai karɓa ya tuƙa. Ba wata doka ce kawai ta hana ba, ginin garin ne bai bar wa mota wuri ba. An gina gidajen da dutsen murjani da itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, dogaye masu hawa biyu ko uku, an matse su kusa da juna don inuwa ta sauka a lungu, iskar teku kuma ta ratsa. Wasu lungunan idan mutum ya buɗe hannuwansa zai taɓa bango biyu, wasu kuma an gina ɗaki a samansu ya haɗa gida da gida. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko na Birni a Damagaram zai ga alamar abin, sai dai na Lamu sun fi matsi. Abubuwan hawa a nan su ne ƙafa, jirgin ruwa, jaki, sai babur da ya shigo daga baya.

To yaya mutum zai gane hanya a irin wannan gari?

Garin dogo ne marar faɗi, ya miƙe daga arewa zuwa kudu a bakin ruwa, kuma hanyoyi biyu ne ƙashin bayansa. Ta farko ita ce ta bakin teku, inda matsayar jirage da gidan tarihi na Lamu da ofisoshi da bankuna suke. Ta biyu tana bayanta kaɗan, tana tafiya daidai da ita, sunanta a rubuce Harambee Avenue, mutanen gari kuma suna ce mata Usita wa Mui, kuma a nan shaguna da masu sassaƙa da masu shayi suka taru. Sauran lunguna daga wannan hanya suke hawa tudu zuwa yamma. Saboda haka duk wanda ya ɓace, abin da zai yi shi ne ya bi gangare, ko ya dubi inda ruwan kwatar da ke gefen lungu yake gudu ya bi shi, domin teku yake nufa, kuma cikin 'yan mintuna zai tsinci kansa a babbar hanya.

Alamar da ta fi kowace amfani ita ce ganuwar Lamu, wato tsohon ginin tsaro na garin, wadda aka fara ginawa a 1813 aka gama a 1821, ta kuma zama gidan kurkuku daga 1910 zuwa 1984. A gabanta akwai dandali mai manyan itatuwa inda dattawa ke zama, kasuwa kuma tana gefenta. Arewa da ganuwar unguwar Mkomani ce, mai tsofaffin gidajen dutse da ƙofofi masu sassaƙa, kudu da ita kuma Langoni, wadda ta fi hada-hada, inda masallacin Riyadha yake. Taswirar waya tana taimakawa a bakin ruwa, amma a cikin lungu ta kan ruɗe saboda tsayin bangaye, kuma gidaje ba su da lamba da za a bi. Tambayar mai shago ta fi sauri, muddin an fara da sallama. Mafi yawan mutanen garin Musulmi ne, kuma wanda ya ce “assalamu alaikum” kafin ya yi tambaya ba ya rasa mai nuna masa hanya, wani lokaci ma har a haɗa shi da yaro ya raka shi.

Daga Lamu zuwa Shela, da ƙafa ya fi ko da jirgi?

Da ƙafa tafiyar minti 40 zuwa 45 ce a bakin ruwa, ana wucewa ta gaban asibitin Sarki Fahad. Da sassafe ko bayan la'asar tafiya ce mai daɗi, amma tsakanin hantsi da azahar rana tana dukan mutum ba tare da inuwar kirki ba, kuma idan teku ta cika sosai akwai wuraren da ruwa ke matso hanya, sai an cire takalmi ko an zagaya ta cikin yashi. Jirgi mai inji kuwa minti 10 zuwa 15 ne. Masu hankali kan je da ƙafa da safe, su dawo a jirgi idan rana ta take.

Jiragen ruwan iri nawa ne, kuma yaya ake ciniki da masu su?

Ta fuskar kuɗi iri biyu ne. Akwai jirgin gama-gari, wanda ke jira sai ya cika sannan ya tashi, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, kuma farashinsa sananne ne ga 'yan gari. Akwai kuma shata, inda mutum zai ɗauki jirgin gaba ɗaya ya tashi nan take, ya biya kuɗin duk kujerun, wanda ya kan ninka na farko sau da yawa. Mafi yawan rigimar da baƙi ke yi da masu jirgi daga nan take tasowa, wato baƙo yana zaton na gama-gari ya shiga, mai jirgi kuma ya ɗauke shi a matsayin shata tun da ya ga bai ce komai ba. Maganin abin shi ne a tambaya tun ƙafa tana kan tudu: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgi duka, zuwa ne kawai ko har da dawowa, idan akwai jira kuma wa zai biya shi. Kafin a fita daga masauki, yana da kyau a tambayi ma'aikatan wurin nawa 'yan gari ke biya a ranar, domin kuɗin fito yana bin farashin mai.

Ta fuskar ƙira kuma, akwai ƙananan jirage masu inji da gudu, akwai manyan na katako masu tafiya a hankali waɗanda ke ɗaukar mutane da kaya tsakanin Mokowe da Lamu cikin kusan rabin awa, sannan akwai na gargajiya masu tafiya da iska, waɗanda ake ɗaura wa babban ƙyalle mai kusurwa uku. Waɗannan na ƙarshe su ne ƙawar wurin, kuma bai kamata baƙo ya koma gida bai shiga ɗaya ba, musamman da yamma a mashigin da ke tsakanin Shela da Manda. Sai dai na yawon shaƙatawa ne, ba na mai sauri ba, domin idan iska ta kwanta shi ma jirgin ya kwanta, sai in yana da inji na ko-ta-kwana.

Doka ta wajabta rigar kariya daga nutsewa ga kowane fasinja. Masu jirgi da yawa suna cusa rigunan a ƙarƙashin benci har sai sun hango jami'ai. A nemi rigar a saka, ko da sauran fasinjoji za su yi wa mutum kallon matsoraci, kuma idan aka ga an yi wa jirgi lodin da ya wuce kima, a sauka a jira na gaba.

Me ya sa kowa ke maganar cikar teku idan ana shirya fita?

Domin ita ce ke tsara zirga-zirgar wurin, fiye da agogo. Wanda ya taso nesa da teku ya saba da kogin da ke cika da damina ya janye da rani, to a nan abin yana faruwa ne sau biyu a kowace rana. Ruwa zai hau na kusan awa 6, ya kuma janye na kusan awa 6, kuma lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, saboda tafiyar wata yake bi. Idan yau teku ta cika da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura, bayan mako guda kuma a wannan lokacin janyewa take yi. A kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa, har a ga jirage kwance a kan laka a inda ɗazu suke shawagi.

Abin da wannan ke nufi ga baƙo yana da yawa. Wasu mashigai na cikin dajin bakin ruwa ba su shiguwa sai da cikar teku, kuma wanda ya daɗe a can har ruwa ya janye zai zauna jiran wata cikar na awoyi. Matakalar matsayar jirgi da ruwa ya rufe ɗazu tana fitowa da gansakuka mai santsi. A Shela da gaɓar Manda, idan ruwa ya ja baya, jirgi ba ya iya matsowa bakin tudu, sai fasinja ya naɗe wando ya taka cikin ruwa, don haka silifa ko takalmin roba ya fi rufaffen takalmi na fata. Haka kuma lokacin da ruwa ke shiga ko fita, yana gudu da ƙarfi a mashigin da ke tsakanin Shela da Manda. Tazarar tana yaudarar ido, ana ganin kamar za a iya ƙetarewa da iyo, amma kada a gwada.

Idan mai jirgi ya ce a tashi da asuba ko a dakata sai bayan azahar, yawanci ba son ransa yake bi ba, ruwa yake lissafi. Akwai jadawalin cikar teku a intanet, masaukai da dama ma suna da shi, kuma duba shi kafin a tsara ranar gobe ya fi gardama da mai jirgi a bakin ruwa.

An ce agogon mutanen wurin daban yake. Yaya abin yake?

Agogon Kenya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, wannan mai sauƙi ne. Abin da ke rikita baƙo shi ne yadda ake faɗin lokaci da harshen Sawahili, inda ake fara ƙirga awoyin yini daga fitowar rana, na dare kuma daga faɗuwarta. Ƙarfe 7 na safe a wurinsu shi ne awa ta ɗaya, ƙarfe 12 na rana awa ta shida, ƙarfe 4 na yamma awa ta goma. Tazarar awa 6 ce daidai. Matsalar ta kan taso ne idan mai jirgi ya ɗauko lissafin Sawahili ya faɗe shi da Turanci, ya ce “ƙarfe biyu” alhali 8 na safe yake nufi. A rubuta lokacin da lamba a waya a nuna masa, ko kuma a ɗaure alkawarin da salla, a ce bayan asuba ko bayan la'asar, wanda babu mai ruɗewa a kansa.

Jakunan fa, baƙo zai iya hawa?

Zai iya, kuma samari masu jakuna za su yi masa tayi, musamman a hanyar Shela. Amma aikin jaki na ainihi a Lamu dako ne. Dubban jakuna ne a tsibirin, su ke ɗaukar yashi da dutse da siminti da buhunan abinci zuwa lungunan da ko amalanke ba ta shiga. Wannan dogaro da aka yi da su ne ya sa wata ƙungiyar Ingila mai kula da jakuna ta buɗe asibitinsu a bakin ruwa a 1987, inda ake duba su kyauta, kuma baƙo na iya leƙawa.

Abin da ya fi hawa muhimmanci shi ne sanin yadda ake kauce musu. Jaki mai mangala ya kan cika lungu dam, kuma ba ya tsayawa don ya ga mutum. Idan aka ji ƙarar kofato ko kiran mai kora, a raɓe a ƙofar gida mafi kusa ko a hau dakali har ya wuce. A riƙa duban ƙasa kuma, saboda kashi. Wanda ya yi niyyar hawa ya duba bayan dabbar, idan da gyambo ko ta rame ya haƙura, babba mai jiki kuma gara ya taka da ƙafarsa.

Ba a ce akwai 'yan acaɓa yanzu ba?

Akwai, ana kiransu boda boda, kuma sun yawaita ne a shekarun baya-bayan nan. Zuwansu ya raba kan jama'a. Matasa sun sami sana'a, mai gaggawar zuwa asibiti ya sami sauƙi, amma masu kula da kayan tarihi da dattawa da yawa suna ganin ƙara da gudu suna ɓata abin da ya sa garin ya yi suna, kuma hukumomin yankin sun sha hana su shiga tsakiyar tsohon gari. Inda suke da amfani shi ne bayan gari da hanyar Shela da ta ƙauyuka. Yawancinsu ba su ba fasinja hular kwano, hanyoyin kuma yashi ne mai zamewa. A ganina, a cikin tsohon gari babu inda ya yi nisan da zai sa a hau babur, tun da daga wannan ƙarshe zuwa wancan bai fi minti 20 da ƙafa ba.

Yaya za a yi da kaya?

A rage su tun daga gida. Ƙananan jiragen da ke tashi daga Wilson kan iyakance kaya a kilo 15, kuma jaka mai laushi ta fi akwati mai taya, wanda ba ya jawuwa a yashin Shela ko a matakalar gidajen Lamu. 'Yan dako suna jira a bakin ruwa da amalanke, kuma kafin mutum ya ankara wani ya saɓa jakarsa, don haka a daidaita kuɗi kafin a sake ta. Mafi sauƙi shi ne a gaya wa masauki lokacin saukar jirgi, su aiko da jirgin ruwa da wanda zai ɗauki kaya.

A ina ya fi dacewa a sauka, idan aka duba sauƙin zirga-zirga?

Wanda tarihi da kasuwa da masallatai suka kawo shi ya sauka a garin Lamu, inda komai ke kusa kuma masauki ya fi araha, sai dai babu wurin wanka a teku a nan. Wanda hutu ya kawo shi ya sauka a Shela, ƙauye mai tsabta da shiru, wanda daga ƙarshensa rairayin bakin teku ya miƙe har kimanin kilomita 12, da tuddan yashi a bayansa. Waɗannan tuddai su ne ke riƙe ruwan sama a ƙarƙashinsu, daga rijiyoyinsu garin ke sha, shi ya sa ake hana gini a kansu. A Shela hasumiyar masallacin Juma'a, wanda aka gina a 1829, ita ce alamar da ake bi idan an rikice. Masaukan da ke tsallake a gaɓar Manda kuwa sun fi kowane keɓewa, amma duk fita, ko ta sayen katin waya ce, sai da jirgi, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a sa a lissafi tun farko.

Sai da ɗan jagora?

Ba dole ba ne, amma yawon rabin yini da shi a ranar farko yana biyan kuɗinsa, domin shi zai nuna gidajen da ake shiga, da gidan tarihin da ke cikin tsohon ofishin wasiƙu na Jamusawa na 1888, da abubuwan da ido ba zai lura da su ba. A nemi mai katin shaida, ko wanda masauki ko gidan tarihi suka haɗa mutum da shi. Waɗanda ke tare baƙo a bakin ruwa suna cewa za su nuna masa masauki kyauta 'yan kamasho ne, ladansu yana cikin kuɗin ɗakin da za a caje shi. A gode musu cikin ladabi a wuce, ba sai an ɗaga murya ba.

Ana yawo da dare?

A babbar hanya da bakin ruwa, e, har bayan isha'i gari na raye, mata da yara suna kai da komo. Lungunan ciki kuwa duhu ne, ga kwata a gefe, don haka a riƙe tocila. Jiragen gama-gari suna raguwa bayan magariba, wanda ya makara sai shata, kuma kuɗin dare ya fi na rana. Mai niyyar cin abincin dare a wani gefen ya karɓi lambar mai jirgi ya shirya dawowarsa tun da rana. Hanyar ƙafa tsakanin Lamu da Shela ba ta dare ba ce, haka kuma dogon rairayin Shela, ko da rana bai kamata mutum ya yi nisa a cikinsa shi kaɗai ba, saboda babu kowa, babu inuwa, babu ruwan sha.

Mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara ko mai keken guragu fa?

A nan wurin yana da wahala, kuma gara a faɗi gaskiya. Shiga jirgi da fita yana bukatar taka matakala mai santsi ko tsallaka daga wani jirgi zuwa wani, gidajen kuma matakalarsu a tsaye take, babu na'urar hawa bene. A nemi ɗaki a ƙasa kusa da bakin ruwa, a ɗauki shata maimakon jirgin gama-gari don a shiga a natse, a kuma zaɓi lokacin cikar teku, lokacin da jirgi ke daidaita da tudu. Goyo ya fi keken jarirai. Rigar kariya ta yara ba kowane jirgi ke da ita ba, a tambaya kafin ranar fita.

Da wane kuɗi ake biya?

Da shilin ɗin Kenya, kuma a tanadi canji, domin mai jirgi da ɗan dako ba kasafai suke da shi ba. Kusan kowa yana karɓar M-Pesa, tsarin biyan kuɗi ta waya da kamfanin Safaricom ya fara a 2007, kuma baƙo na iya yin rajistar layi da fasfo ɗinsa tun a Nairobi. Bankuna da na'urorin cire kuɗi suna garin Lamu, kada a dogara da samunsu a ƙauyuka.

Ina kuma za a iya zuwa bayan Lamu da Shela?

Matondoni, ƙauyen masu ƙera jiragen katako a yammacin tsibirin, ana zuwa da jirgi ko babur, ko da ƙafa cikin kusan awa 2 ga mai juriya. Kipungani tana can ƙarshen kudu maso yamma, jirgi ya fi dacewa da ita. A Manda akwai kufan Takwa, garin da ya bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16 kafin mutanensa su watse a ƙarni na 17, kuma har yanzu masallacinsa na tsaye da ginshiƙi a saman bangon alƙibla. Takwa ita ce babban misalin wurin da ba a shiga sai da cikar teku, domin mashiginta siriri ne a cikin daji. Tsibirin Pate, mai garuruwan Pate da Siyu da Faza, ya fi nisa, ana bi ta mashigin Mkanda a sauka a Mtangawanda, kuma can akwai motoci da babura da ke haɗa garuruwan. Tafiya ce ta yini cur, gara ma a shirya kwana. Duk abin da ya wuce nan zuwa arewa, wajen iyakar Somaliya, sai an nemi shawarar masauki da jami'an tsaro.

Lokacin shekara yana canza wani abu?

Sosai. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas, Kaskazi, ke kaɗawa, teku ta fi kwanciya, tafiya mai nisa a jirgi ta fi sauƙi. Daga Afrilu ko Mayu iskar kudu, Kusi, ke karɓa, ta zo da ruwan sama da igiyar ruwa mai ƙarfi, wasu masaukai su rufe a Mayu da Yuni, masu jirgi kuma su ƙi fita tsakiyar teku. A watan Rabi'ul Awwal ana Maulidi a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, kuma jama'a na zuwa daga ko'ina a gabashin Afirka, jirage su cika, masauki ya yi wuya. Haka abin yake a bikin al'adu na watan Nuwamba, mai tseren jakuna da na jirage. Da azumi harkokin gari na yin sanyi da rana, kuma gab da buɗa-baki da wuya a sami mai jirgin da zai tashi. Ranar Juma'a ma daga hantsi zuwa sakkowa daga masallaci haka ne.

Ranar komawa, yaushe ya kamata a bar masauki?

A shirya jirgin fito tun daren jiya, da mutum takamaimai da lokaci takamaimai, kada a dogara da na gama-gari da sai ya cika. Daga garin Lamu a tashi aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin jirgin sama, daga Shela ko gaɓar Manda kuma awa 2, musamman idan lokacin ya faɗo a janyewar teku, inda za a taka ruwa da kaya a ka kafin a kai ga jirgi. Kamfanonin jiragen kan sauya lokacin tashi, wani lokaci su matso da shi gaba, saboda haka a duba saƙonsu da safe kafin a sa ɗan dako ya ɗauki jaka.